Talatin ga Wata na Biyu

Da can, mai ƙin karɓar takardarka mutum ne. Yana da fuska, yana gumi, yana jin yunwa idan rana ta take. Na tsaya gaban irinsu a wurare da dama, a shekarun da na yi ina bin motocin goro, daga baya kuma ina yi wa alhazai tafinta. Na tsaya gaban akawun kan iyaka a hanyar Yamai, da na tashar jiragen ruwa a Abijan, da wani a Sudan wanda ya shanya ni a rana har ya gama shan shayinsa. Wasu sun zage ni, wasu sun nemi na goro. Amma duk cikinsu babu wanda za ka ce wa ya tsaya ya ji bai tsaya ba, ko da tsaki ne. A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki har kalma suka tanada domin irinmu. Idan ba ka san ranar da aka haife ka ba, akawu zai dube ka sama da ƙasa, ya rubuta cewa an haife ka wajejen shekara kaza, ya buga hatimi, ka wuce abinka.

Yanzu jikokina a waya suke cika fom. Kafin su ɗaga yatsa gurbin ya yi ja, su kuwa ko a jikinsu, sai su goge su sa wani abin, su yi ta sauyawa har na'urar ta yarda. Ni ban saba da wannan ba, ba ni kuma da niyyar sabawa. A nan Suleja na fara cin karo da jan rubutun nan, a daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kuma ba a kan takardata ba ne, a kan ta ɗan ƙanwata ne.

Ƙanwar tawa ita ce autarmu, Auta muke ce mata har ta yi furfura. Tana zaune a unguwar Magajiya, a gidan da mijinta ya rasu ya bar ta, tana sayar da atamfa a cikin gida. An haifi ɗanta na fari 'yan watanni bayan rasuwar mahaifinmu, sai mijinta ya sa masa sunan marigayin. Kunya ta zama biyu ke nan, ga ta ɗan fari, ga ta sunan uba. Ban taɓa jin Auta ta kira sunan yaron ba. Mu muna ce masa mai sunan Baba, ita ko wannan ba ta faɗa, sai dai “wancan” ko “mutumin naku”. Idan yana tsaye a gabanta tana son ya ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce randa ta bushe. Abu guda take yi masa a fili, shi ma ba ta taɓa cewa dominsa ne ba. Duk shekara, ranar ƙarshen watan Safar, sai ta soya waina kwano guda ta raba wa yaran unguwa sadaka. Kowa ya san ranar haihuwarsa ce. Shi ma ya sani, don yana cikin masu miƙa hannu tun yana tatata.

Da ya kawo ƙarfi sai ya bi wani ɗan kasuwa zuwa Saliyo, yana sayar da yadi da agogo a garuruwan gabashin ƙasar. Da farko saƙonsa yana zuwa a hannun masu dawowa. Da yaƙin ƙasar ya tsananta sai saƙo ya ɗauke. Damina biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Waɗanda suka kuɓuta suka ce an ƙone garin da yake, mutane sun fantsama daji, wasu sun tsallaka Gini. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa, babu kuma wanda ya ce ya gan shi da rai. Auta ba ta tambayi kowa ba. Idan baƙo daga can ya zo gaishe ni, sai in ga ta aiko a ce tana son ganina, idan na je ta yi ta zancen tsadar atamfa har sai ni da kaina na gaya mata abin da baƙon ya ce.

A rediyo na ji cewa wata ƙungiyar agaji tana haɗa 'yan gudun hijira da danginsu, kuma ta buɗe shafi a intanet inda mai nema zai cika fom. A lokacin wuri ɗaya na sani a garin nan da ke da irin wannan na'ura, wani shagon buga takardu a unguwar Hashimi, kusa da inda ma'aikatan Abuja ke hawa mota da sassafe. Mai shagon Bayarabiya ce, ta kusa sa'ar Auta, ta yi shekaru tana buga tafireta a wata ma'aikata kafin ta ajiye aiki. A Zariya ta girma, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Madam kowa ke ce mata. Ta ja layin tarho ta haɗa da kwamfuta, tana aika wa mutane wasiƙu zuwa ƙasashen waje.

Na gaya wa Auta dole ta zo da kanta, don an ce dangi mafi kusa ake so ya nema. Ta ce ita ba ta da abin yi a shagon Madam. Washegari da hantsi na tarar da ita a ƙofar gidana, ta sha mayafi, ta ce hanya ce ta biyo da ita.

Madam ta ba mu benci. Ta danna wani abu, na'urar ta yi wani irin kuka kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha, sannan shafin ya fara saukowa daga sama sannu a hankali. Gurabe ne a jere, kowanne da tambayarsa, wasu da ɗan tauraro a gefe. Madam ta ce duk mai tauraro dole ne a cika shi.

“Sunan wanda ake nema,” in ji ta.

Na rubuta a ƙyallen takarda na tura mata. Ta ɗauka ta karanta da ƙarfi, sau biyu, don ta tabbatar. Auta ta juya ta ƙura wa injin fotokwafi ido.

“Ina aka haife shi?”

“Abuja,” in ji Auta, ba ta juyo ba.

Madam ta yi dariya. “Haba Hajiya, lokacin ai Abuja daji ce, sai birai.”

“Abujarku ce daji. Tamu tana nan, kina zaune a cikinta kina biyan haya.”

Gaskiyar Auta ce. Garin nan shi ne Abuja lokacin da aka haifi yaron, daga baya aka ɗauki sunan aka kai wa sabon birnin tarayya, mu aka ba mu wani. Amma na ce Madam ta rubuta Suleja, don shi ne abin da yaron zai faɗa idan an tambaye shi. Auta ta ce a rubuta, wannan ai an riga an karɓe.

Sai aka zo kan ranar haihuwa. Gurbi uku ne ƙanana, na rana, na wata, na shekara, kuma lamba suke so. Madam ta ɗora yatsu tana jira. Na ɗauka Auta ba za ta amsa ba, don mace irinta ba ta zancen haihuwarta ta fari, balle a gaban yayanta. Can sai ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, “Ranar ƙarshen Safar ce. Watan ya cika talatin a shekarar.”

Hankalina yana kan muryar tata. Na lissafa a yatsa, Muharram ɗaya, Safar biyu, na ce wa Madam, “Talatin, wata na biyu.” Shekarar kuwa ba ta ɓace mini, ita ce wadda aka koma tuƙi a hannun dama. Madam ta buga. Ita mai tafireta ce ta gaske, abin da ya shiga kunnenta yana fita ta yatsunta ne ba tare da ya tsaya a hanya ba. Muka cika sauran, ta danna maɓallin aikawa, muka zauna jira.

Shafin ya dawo kamar yadda ya tafi, sai dai an ƙara layi guda da jan rubutu a saman gurbin ranar. Madam ta karanta da Turanci, ni kuma na fassara wa Auta yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba.

“An ce wannan rana babu ita.”

Auta ta juyo a karon farko ta dubi allon. “Wa ya ce?”

“Na'urar.”

“Tana nan ranar?”

Madam ta kai hannu baki tana danne dariya. Ni kuwa a lokacin na gane abin da ya faru. Wata na biyu a wurin na'urar Fabrairu ne, shi kuwa ba ya kai talatin. Na yi wa Auta bayani. Ta saurara har na gama, ta ce, “To ka gaya mata ba watansu nake nufi ba.”

Nan ne na duba ko'ina a shafin, na rasa inda ake gaya mata. A Jidda na ga takardun hukuma da lissafin wata a sama, na Bature a ƙasa. A Habasha suna da nasu lissafin daban, har da wata na goma sha uku, akawunsu kuma ya san baƙo zai ruɗe, sai ya juya maka da kansa. Ko Bature mai mulki, da duk girman kansa, idan ka ce masa an haife ka da azumi, zai ɗaga kai ya tambayi tafinta. Wannan abin ba ya ɗaga kai. Na ce Madam ta rubuta Safar da haruffa a gurbin wata. Muka jira, ya dawo da ja, lamba yake so. Na ce ta bar gurbin rana da na wata babu komai, shekarar ta isa. Muka jira, ya dawo da ja, gurbi mai tauraro ba a barinsa.

“Baba Alhaji, kana wahalar da kanka,” in ji Madam. “A sa ɗaya ga Janairu, yanzu-yanzu ta wuce. Mutanenku da na buga wa takardu a ma'aikata, rabinsu ranar aka haife su.” Sai ta juya harshe zuwa Yarbanci don kada Auta ta ji, ta ce ita dai tana son ta san abin da ke faruwa a Arewa wata tara kafin Janairu.

Na mayar mata da Yarbanci cewa ta tambayi akawunan da suka rubuta, su ne iyayen wannan ranar. Sannan na ce da Hausa, “Ba za a sa ba.”

Ina da dalilina. A fasfona ni ma ɗaya ga Janairu ne, wani akawu a Kaduna ya ɗora mini ita ba tare da ya tambaye ni ba, na yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa kamar hular aro. Wannan kaina ne, na iya haƙura. Amma yanzu mutum muke nema a cikin dubban mutane, a ƙasar da ba tasa ba, da sunan da a kowace unguwar Hausawa za ka sami biyar masu shi. Abu guda muke da shi da ya bambanta shi da sauran, shi ne ranar nan, ga uwarsa ta buɗe baki ta faɗe ta bayan shekaru kusan talatin. Sai a ce mu jefar mu sa ƙarya don wani allo ya daina ja?

“Na'urar ba ta san ƙarya ba, Baba,” in ji Madam. “Ita dai a cika mata gurbi.”

“Ai shi ne abin da ke damuna da ita.”

Auta ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce ta bar wake a wuta. Ta yi wa Madam sallama da ladabi, ta fita, ba ta jira ni ba.

Da la'asar na tafi gonata a Iku da fensir da takarda, na zauna a gindin mangwaro. Tunda dai rana ɗaya ce, dole tana da suna a lissafin Bature. Safar na shekarar da muke ciki bai daɗe da ƙarewa ba, na san inda ya faɗa. Na san kuma watanninmu suna ja da baya kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Na yi ta komawa shekara bayan shekara, na ɓata, na sake, har na iso tsakiyar Afrilu. Abin ya yi daidai da abin da na tuna, don wasiƙar haihuwar ta same ni ne a lokacin da direbobi ke ta rikicewa da sabon hannun tuƙi. Saura in san ranar mako.

Na sami Auta tana ninke atamfa a tsakar gida. Na tambaye ta, ta ce Asabar ce, kamar wadda aka tambaya farashin yadi. Na duba takardata, na ga Asabar ɗin, na gaya mata.

“Afrilu kuma?” in ji ta. “Ni ban san shi ba, Yaya.”

“Ranar ce dai, Auta. Suna biyu gare ta, kamar garin nan.”

“To garin nan da aka ba shi na biyu, an dawo mana da na farkon?”

Na zauna a kan turmin daka na ce mata ni ma raina bai so ba. Na ce Afrilun nan aƙalla ba ƙarya ba ce, ranar ce aka sa wa rigar wasu. Na ce idan muka tsaya sai na'urar ta koyi Safar, za mu daɗe, shi kuma wancan, idan yana da rai, yana wani wuri yana kwana a ƙarƙashin leda ruwa yana dukansa.

Ta ci gaba da ninkin. Ta ninke turmin atamfa guda, ta warware, ta sake ninkewa. Sannan ta ce, “Ka sa abin da za ka sa. Amma a rubuta musu cewa ranar tana nan. Kada su zauna can suna cewa babu ita.”

Muka koma wurin Madam bayan kwana biyu, don ruwan sama ya lalata layin tarho. A ƙasan fom ɗin akwai wani babban gurbi na ƙarin bayani, shi babu tauraro, ba ya neman lamba. Na zo da rubutuna a shirye, shafi guda cur, da Turanci don masu ƙungiyar, da Faransanci don ma'aikatan Gini, da Hausa don yaron. Na fara da gaisuwa yadda ta kamata. Na yi musu bayanin watanninmu. Na gaya musu wuraren da na je inda ake girmama lissafin mutane, na ba su shawarar yadda za su gyara fom ɗinsu. Madam ta buga duka tana girgiza kai, ta sa ranar Afrilu a gurbinta, ta aika.

Ya dawo da ja. Ranar ta wuce, amma bayanin ya yi tsawo, an ƙayyade yawan haruffa.

“Ka gani ko,” in ji Madam. “Har ita ta ce ka cika surutu.”

Muka shiga yanka. Gaisuwa ta fara tafiya, abin da ban taɓa yi wa wasiƙa ba a rayuwata. Shawarwarina suka bi ta. Jidda da Habasha suka fita. Madam ta ce a cire Hausar, tunda babu mai karanta ta a can. Na ce a'a. Ta ce to a cire maganar cewa ranar tana nan, ai faɗa ne da na'ura, ba zai nemo kowa ba. Auta ta ce daga kan benci, “Wannan ita za a bari ko an cire komai.”

Abin da ya rage bai fi layi huɗu ba. Da Turanci da Faransanci an ce an haife shi ranar talatin ga Safar, wata na biyu a lissafin Musulmi, na'urarku ta ce babu wannan rana, akwai ta. Saura ɗan wuri kaɗan na Hausa. Na juya na ce wa Auta, “Ga wuri. Me za a ce masa?”

“Ni me zan ce masa?”

“Ko kalma biyu.”

Ta dubi ƙofa, inda motocin Abuja ke sauke mutane. Ta ce, “A ce an yi waina bana ma.”

Madam ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta tambaye ni yadda ake rubutawa, ta buga, ta aika. Shafin ya tafi ya daɗe, sannan ya dawo fari tas da layi guda, wai an karɓi saƙonmu. Babu sa hannu, babu hatimi, babu wanda zan ce wa na gode ko in tambaya yaushe zan dawo.

Damina ta wuce. Aka cire gyaɗa, aka yanke dawa. Adireshin Madam muka bayar don amsa, duk lokacin da na wuce ta gaban shagon sai ta ɗaga mini hannu ta juya tafinsa, alamar babu komai. Auta ta daina aikowa a kira ni. Ana saura kwanaki a kama azumi, ina alwalar azahar, sai ga Madam a bayan ɗan acaɓa, ta rufe shagonta da rana tsaka, tana riƙe da takarda. Yana da rai. Yana wani sansani a kudancin Gini, shi da matar da ya aura a Saliyo.

Ni na kai wa Auta labarin. Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ban tsaya ba na tafi.

Cikin azumi ya iso, ya rame har sai da na dube shi sau biyu, yana tari. Bayan an sha ruwa ya ba ni labari. Ya ce da suka isa sansanin an rubuta sunan kowa da ranar haihuwarsa a kwamfuta, shi kuma ya ba da wadda hedimasta ya rubuta masa a firamare, don ita ce a duk takardunsa da suka ƙone. Na'urar ƙungiyar tana gwada suna da rana ne, idan na mai nema da na wanda ake nema suka zo ɗaya sai ta fitar. Namu bai zo ɗaya da na kowa ba, sai aka tura shi gefe tare da irinsa. Watanni saƙon yana can. Daga baya wani ma'aikacin sansanin, Bafulatanin Gini, ya ga tarin ya yi yawa, ya buga su a takarda yana karantawa bayan sallar Juma'a. Yaron ya ce da aka kira sunan bai motsa ba, don su da yawa ne masu shi, an sha kira ya tashi a ce ba shi ba ne. Faransancin ma bai ji sosai ba, kalmar Safar kawai ya tsinta, ya kasa kunne. Sai mutumin ya shiga kokawa da wasu kalmomi da bai san harshensu ba, yana jan su ɗaya-ɗaya. Da ya kai kan waina, sai ya ji ƙafafunsa sun ɗaga shi.

Na ce, “Wace rana hedimastan ya rubuta maka?”

Ya yi murmushi. “Ɗaya ga Janairu mana, Kawu. Da ita kuka sa, da tun kafin a cire gyaɗa ina gida.”

Labarin ya kai kunnen Madam kafin sallah. Har ta bar garin nan ba ta daina ba, ko a kasuwa muka haɗu sai ta ce, “Baba Alhaji, ina kwanan Afrilu?” Akwai kuma waɗanda suka ce mini a fuska taurin kaina ne ya ƙara wa yaron damina guda a ƙarƙashin leda, kuma a cikinta ya kwaso tarin da ya daɗe yana jinya. Ban ce wannan ba komai ba ne. Na ga ƙirjinsa, ni na kai shi asibiti. Amma ban yarda laifin yana wurin wanda ya faɗi gaskiya ba. Hedimasta ya ƙirƙiri rana, ni aka so in ƙirƙiri irinta, na'ura ta haɗa ƙirƙira biyu ta ce ta gano mutum. Wanda ya gina gurbin da ke karɓar wannan ya ƙi ranar da uwa ta faɗa da bakinta, shi ya kamata a tambaya. Kuma a ƙarshe ba gurbin ne ya nemo shi ba, mutum ne ya tsaya a rana yana karanta harshen da bai iya ba. Na faɗi haka a lokacin, ina kuma faɗa yanzu, ko an dawo da ni kan bencin Madam ba zan ce a sa Janairu ba.

Auta ba ta shiga wannan gardamar ba, ko sau ɗaya. Ban san ɓangaren da take ba sai bayan babbar sallah, da matar yaron ta haihu, aka sami mace. Ranar da aka haife ta, tun kafin a yi zancen suna, Auta ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a ƙofar ɗakin mai jego, ta miƙo mini biro da wani katin asibiti.

“Yaya, rubuta mata ranar yau.”

Na fara rubuta kwanan watanmu, ta dafe katin.

“Ba wannan ba. Ta na'urar.”

“Ke da bakinki, Auta?”

“Ni na san tawa, ba mai karɓe ta. Wannan kuwa ban san inda za ta je ba, ban san wa zai neme ta ba.”

Na ce to a rubuta duka biyun, ga wuri. Ta ce biyun ne suka sa wancan ya kwana a daji, a bar mata guda. Na rubuta yadda ta ce, na sa tawa a zuciya, don har yau idan aka tambaye ni shekarun yarinyar da lissafin wata nake faɗa, ita kuma ta yi ta dariya tana cewa na ƙara mata tsufa. Daga kan wannan jaririyar ba a sake riƙe ranar haihuwar kowa da lissafin wata a gidanmu ba.